Anza, Itacen Da Ba Ya Tuɓe Riga Da Rani

In mutum ya bi hanyar Sakkwato zuwa Goronyo ta Achida a cikin watan Maris, ƙasa iri biyu zai gani. Can gangare cikin fadamar Rima ga kore shar, albasa da tafarnuwa da shinkafar rani. Bisa tudu kuwa ba kome sai jar marmara da ƙura da karan da shanu suka tattake. Kuka ta kaɗe, ciyawa ta ƙare, ko akuya sai ta yi ta yawo kafin ta sami abin da za ta sa a baki. To, a cikin wannan fako ne, nan da can, za ka hangi wani ɗan itace a dunƙule, ganyensa kore ƙirin kamar jiya aka yi ruwa. Sau da yawa yana bisa tsohon suri, ko gefen kwazazzabo, ko wurin da tsakuwa ta yi yawa har manomi ya haƙura da shi. Wannan ita ce anza.

Tsofaffinmu na Wurno da Rabah da Goronyo ba su bukatar a gaya musu ko mece ce anza. Samari ne da 'yan makaranta suke wuce ta ba su san sunanta ba, waɗansu kuwa sun san sunan amma sun ɗauke ta abin kunya, wai abincin yunwa. Shi ya sa in lokacin sassabe ya zo, ita ce farkon abin da gatari yake faɗa wa. Mun ga ya kamata mu yi magana a kanta filla-filla: yadda za a gane ta, abin da take yi wa gida, haɗarin da ke cikin 'ya'yanta in ba a iya gyara su ba, da kuma yadda za a rene ta a gona.

YADDA ZA A GANE TA

Anza ba ta yin tsawo. Galibi daga ƙugun mutum ne zuwa kamar tsawon mutum biyu, kuma ba gindi ɗaya gare ta ba, rassa da yawa ne suke fitowa tun daga ƙasa su yi cunkus. Ba ta da ƙaya ko ɗaya. In ka karya reshenta ba za ka ga farin ruwa irin na tumfafiya ko aguwa ba. Waɗannan abubuwa biyu kaɗai sun isa su raba ta da itatuwa masu yawa.

Amma ganye shi ne babbar shaida. Tsinko ɗaya ka riƙe. Za ka ji shi da kauri da tauri kamar jemammiyar fata, ba ya lanƙwasuwa da sauƙi. Tsawonsa kamar na ɗan yatsa ne ko ya ɗara kaɗan, manya sukan kai inci 4, faɗinsa kuwa kamar yatsu biyu. Juya bayansa. Jijiyoyin sun fito sarai, farare-farare, biyar ko shida a kowane gefe, kuma ba su kai bakin ganyen ba sai su lanƙwaso su haɗu da juna kamar ɗinkin da aka yi wa bakin hula. Ganyayen ba su fitowa biyu-biyu suna duban juna, ɗaya nan ne ɗaya can, bi da bi. Sa'an nan ka murje shi a hannu ka sunsuna. Akwai wani wari mai hawa hanci, ɗan'uwan wanda ake ji in an kankare saiwar zogale. Ku riƙe wannan wari, gama za mu komo kansa. Shi ne asirin anza duka, da amfaninta da haɗarinta.

Takan yi fure bayan ɗaukewar ruwa, cikin kaka zuwa ɗari. Furen ƙanana ne, tsanwa-tsanwa da ɗan rawaya, a cure a kan reshe, ba abin da za a tsaya kallo ba ne. Daga nan 'ya'yan su ɗauru, su yi ta girma a hankali duk tsawon rani. Ƙulalai ne kamar 'ya'yan magarya ko sun ɗan fi, da ɓawo mai ɗan kaushi. Suna kore, in sun nuna su koma rawaya. Su ne ake kira dilo. A cikin kowane akwai ƙwaya ɗaya zuwa huɗu, masu launin tsanwa.

Kada a rikita ta da maƙwabtanta. Sabara ganyenta ƙanana ne, masu laushi, toka-toka, biyu-biyu suke fitowa, kuma akwai ɗige-ɗige baƙaƙe a bayansu. 'Ya'yanta kuwa masu gashi ne. Kalgo ba mai ɓata shi, ganyensa a tsage yake kamar sawun raƙumi. Waɗanda suka fi kama da ita 'yan gidansu ne. Zure yakan yi tsawo ya zama itace sosai, ganyensa dogaye ne sirara suna reto. Jiga ganyenta ƙanana ne ƙwarai, a cure jikin reshe. Bagayi kuwa sai ka ce an barbaɗa masa gari. In aka ga ganye mai kauri, mai fararen jijiyoyi a baya, mai wari, ba ƙaya, to, anza ce.

Ba a ƙasarmu kaɗai take ba. Tun daga Senegal da Muritaniya har Sudan da Habasha ana samunta, duk inda ruwan sama yake da ƙaranci. Masana sun ce tana rayuwa ko a inda ruwan shekara bai wuce inci 4 ba, alhali kuwa mu nan gabashin Sakkwato mukan sami wajen inci 25 a shekara mai kyau. Watau a wurin anza, ƙasarmu ƙasar daɗi ce. Fulani suna ce mata gigile, Zabarmawa anza kamar mu, Larabawan Sudan mukhet, waɗansu Hausawan Nijar kuma hanza. A littattafan masana sunanta Boscia senegalensis.

DILO, DA YADDA AKE FID DA ƊACINSA

Abin lura game da anza shi ne lokacin da take bayarwa. Dilo yakan ƙosa daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina. Kowane magidanci ya san wannan lokaci: an yi shuka, hatsin bara ya kai gindin rumbu, sabo bai zo ba, tiya ta yi tsada a kasuwa, ga kuma aikin noma mai cin ƙarfi. Kuma ko shekarar da gero ya ƙone a tsaye, anza takan yi 'ya'ya, domin saiwarta ta yi nisa ƙasa, ba ruwan bana kaɗai take sha ba.

Shi ya sa sunanta ya haɗu da na yunwa. Ƙasar Hausa ta ga Ƙaƙalaba a 1913 zuwa 1914, ta ga farin 1972 zuwa 1974, ta ga na 1984 wanda mutanen Nijar suke kira El Buhari. A yunwar 1984 zuwa 1985 mutanen Darfur da Kordofan a Sudan da yawa da 'ya'yan wannan itace suka rayu, har ana sayar da su a kasuwa kamar hatsi. A 2005 kuma, da abinci ya yi wuya a Maraɗi da Damagaram, mata sun koma ga anza, 'yan jaridun duniya suka yi ta ɗaukar hotonsu suna nuna wa mutane a matsayin alamar wahala. Mu dai a ganinmu an yi wa anza rashin adalci. Wanda ya tsaya maka ranar da kowa ya gudu, bai kamata shi za ka riƙa jin kunyar ambaton sunansa ba.

Kuma abincin ba na banza ba ne. Da aka auna ƙwayar dilo, an tarar fiye da rabinta gari ne mai ba da ƙarfi kamar na hatsi, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar abinci ne mai gina jiki, watau ta fi gero a wannan fanni, ta kusa wake. A 2008 majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta sa ta cikin littafinta na amfanin gonar Afirka da aka yi sakaci da su. A Damagaram kuma tun 2014 akwai wani kamfani, Sahara Sahel Foods, da ya shiga sayen hanza daga hannun matan ƙauye yana gyarawa, yana yin gari da cincin da sauransu na sayarwa. Abin da muke sarewa mu ƙone, wasu sun mai da shi kuɗi.

Amma a nan sai mu ja kunne da ƙarfi. Ɗanyar ƙwayar dilo ba abinci ba ce. Ɗacinta ya wuce misali, kuma ɗacin nan dafi ne. Masana suna kiran sinadarin gulukokafarin. In aka farfasa ƙwayar ko ganyen, shi ne yake juyewa ya zama warin nan mai hawa hanci. Wanda ya ci ƙwayar da ba ta jiƙu sosai ba zai yi ciwon ciki da amai, kuma abin ya fi tsanani ga ƙananan yara da wanda yunwa ta riga ta raunana. Naman da ke jikin nunannen dilo, mai zaƙi da yauƙi, wannan ba laifi, yara sukan tsotsa, a waɗansu wurare ma akan dafa ruwansa ya yi kauri kamar maɗi. Amma a koya wa yara su tofar da ƙwayar, kada su tauna.

Ga yadda ake gyara ta. A shanya dilo a rana har ya bushe ƙarau. A zuba a turmi a sussuka a hankali don ɓawon ya fashe, a sheƙe, a bakace, ƙwaya ta fita. Busasshiyar ƙwaya tana ajiyuwa da daɗewa, saboda haka ba dole ne a jiƙa duka a rana ɗaya ba. Wadda za a ci sai a zuba ta a tukunya ko babban kwano, a cika da ruwa har ya shanye kanta sosai. Kowace rana a tsiyaye ruwan a zuba sabo, in da hali ma safe da yamma. Waɗansu sukan fara tafasa ta tukuna su zubar da ruwan farko, don aikin ya yi sauri. Waɗansu kuma sukan sa ɗan ruwan toka. Yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7, gwargwadon yawan sāke ruwa. Amma ba ƙidayar kwana ce hukunci ba, harshe ne. A ɗauki ƙwaya ɗaya babba a fasa, a ɗanɗana tsakiyarta. In da sauran ɗaci ko kaɗan, a ci gaba da jiƙo. Gaggawa a nan ita ce take kawo ciwo, kuma mun san mai yunwa shi ne mai gaggawa. Don haka gara a koyi wannan aiki a shekarar ƙoshi, hankali kwance.

Ruwan jiƙon kuwa a zubar da shi nesa, cikin rami. Kada a bar shi inda yaro ko kaza ko ɗan akuya zai sha, kada kuma a juye shi kusa da rijiya ko cikin tafkin da ake kamun kifi.

In ɗacin ya fita sarai, ana dafa ta kamar wake, da ɗan mai da gishiri da albasa, ko a haɗa da kwaɗon zogale. Ana kuma sāke shanya ta a niƙa, a gauraya garin da na gero ko dawa a yi tuwo ko kunu. Gidan da ke da tiya goma ta hatsi, in ya sami tiya uku ta anza ya ƙara, kwanakin da ya samu ba kaɗan ba ne.

Wahalar da ke ciki, ba mu ɓoye ba, ita ce ruwa. Jiƙon anza yana cin ruwa da yawa, kuma mata ne masu jawo shi. Garuruwan da ke bakin gulbi ko kusa da madatsar Goronyo sun fi samun sauƙin wannan. Na tudu masu rijiya mai gaba da yawa, dabara ita ce a tara ƙwayar a ajiye, a jiƙa ta bayan ruwan sama ya zauna.

MAI GADIN WAKE

Da a ce anza ba ta da wani amfani sai wannan da za mu faɗa yanzu, da ya isa a bar ta a gona. Kowa ya san ƙwaron wake. Tun a gona yake shiga, ka kawo wake gida lafiya lau a ido, bayan wata uku ka buɗe buhu ka tarar duk huda da gari. Saboda tsoronsa ne manomi yake sayar da wakensa da kaka a kan arha, ya komo ya saya da bazara a kan tsada.

Tun da daɗewa manoman Nijar da Senegal da Burkina Faso suke shimfiɗa ganyen anza cikin rumbu. Masu bincike a Senegal sun gwada abin, suka buga sakamakon a 1993. Sun daka ɗanyen ganye da ɗanyun 'ya'ya suka gauraya da wake, kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na nauyin waken. Ƙwarin da suka mutu sun kai kashi 80 zuwa 100 cikin 100, kuma ɓarnar 'ya'yan da suka biyo baya ta ragu ƙwarai. Watau ga buhu mai kilo 100, kilo 2 zuwa 4 na dakakken ganye. Warin nan da muka ce ku riƙe, shi ne yake kashe su.

Tun da tururin ne yake aikin, abu biyu suka zama tilas. Ganyen ya zama ɗanye, a daka shi a zuba nan take, gama busasshen da ya sha rana ƙarfinsa ya ragu. Kuma mazubin ya rufu ruf: tulu da aka liƙe bakinsa da laka, ko jarka, ko duro mai murfi. In aka zuba a buhun algarara iska ta kwashe warin, an yi aikin banza. Waken kuma ya bushe sosai kafin a rufe, don ɗanyen ganye yana da laima. Mai tsoron fumfuna sai ya ƙulle dakakken ganyen a tsumma ya tura tsakiya, maimakon ya barbaɗa. In za a dafa, a shanya waken a iska, a wanke.

Mun san akwai buhun nan na PICS mai ciki uku, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu tun 2007, kuma yana aiki sosai ba tare da wani magani ba. Wanda ya samu ya saya. Abin da muke ƙi shi ne zuba maganin feshi cikin abincin da mutum zai ci. A 2015 ƙasashen Turai sun hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da suka samu a cikinsa. Su sun ƙi saye. Mu kuwa 'ya'yanmu muka dafa wa.

Akwai waɗansu ƙananan amfani. Ɓawon anza ko guntayen reshenta, in aka daddatsa aka jefa cikin ruwan tafki mai laka, yakan sa lakar ta kwanta, kamar yadda ƙwayar zogale take yi. Sai dai ruwa ya yi garau ba shi ne ya tsarkaka ba, a tafasa tukuna. Dabbobi kuwa ba su cika son ganyen ba. Akuya da raƙumi sukan ɗan taɓa in rani ya yi tsanani. Wannan ƙyamar ce ma ta sa anza ta rage a wuraren da sauran itatuwa suka ƙare.

A FARA DA WADDA KE NAN

Manomi zai ce, to, ina zan sami irinta? Kafin a je neman iri, a zaga gona tukuna. Anza tana da wuyar mutuwa. Wadda ake sarewa kowace bazara, kututturenta da saiwarta suna nan da rai ƙarƙashin ƙasa, kuma kowace shekara takan sāke toho. Saiwar da ta shekara ashirin tana nutsewa, ba abin da za ka shuka bana ya kamo ta.

Wannan ita ce dabarar da ake kira sassaben zamani. A ƙasar Maraɗi ta soma, a 1983, sa'ad da wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dashen itatuwan da ba su kamawa, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sarewa a gonaki tohon tsofaffin kututture ne. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓi abin, maƙwabci yana koya wa maƙwabci. Da masana suka duba bayan shekara ashirin da wani abu, sun ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo sun kai hekta miliyan 5, itatuwa kuwa wajen miliyan 200. Daga Goronyo zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce, ƙasar iri ɗaya, hatsin iri ɗaya.

Ga anza, yadda za a yi shi ne a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a kowane kututture a bar su, a sare sauran da wuƙa ko adda mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Kada a nemi mai da ita gindi ɗaya kamar gawo ko dogon yaro, ba halinta ba ne. Waɗanda aka sare ba asara ba ne, ganyensu na rumbu ne. A ɗaura wa waɗanda aka bari tsumma, don ɗan ƙwadago da mai neman itacen wuta su san da mai su. In an zo ƙona sassabe, a janye tarin nesa da ita.

Masu cewa za ta cinye wa hatsi wuri, su duba da kyau. Inuwarta kaɗan ce, kuma inda ta fi so, suri da tsakuwa da iyakar gona, ba nan ne gero ya fi yi ba. A gindinta kuwa iska takan tara ƙasa da ganye da kashin dabbobi. Da bazara, in iskar gabas ta taso da rairayi tana yanke sabuwar shuka, kowane kurmin da ke tsaye garkuwa ne.

SHUKA TA DAGA ƘWAYA

Inda ba kututture, sai shuka. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, su ce anza ba ta shukuwa. Tana shukuwa. Abin da ya sa ta ƙi musu shi ne sun yi mata irin na gero, sun shanya sun ajiye sai baɗi. Ƙwayar anza in ta bushe ta mutu; tana nan lafiya don ci, amma ba za ta tsiro ba. Ran da ke cikinta makonni kaɗan ne. Saboda haka irin shuka dabam ne da na tukunya.

A nemi uwa mai lafiya mai yawan 'ya'ya, a jira sai dilon ya nuna ya yi rawaya ya yi laushi. Wannan yana bukatar shawara da matan gari, domin masu tara na ci sukan tsinke shi tun yana kore, tsuntsaye kuma suna jiran wanda ya nuna. In kowa ya kwashe ɗanye, ba iri. A keɓe gindi biyu ko uku a ce waɗannan na iri ne. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

In an tsinko, a matse ƙwayar ta fita, a wanke yauƙin, a shuka a ranar ko washegari. Sa'a ita ce nunar dilo takan zo daidai da zaman ruwa, ƙasa da laima. A shuka kai tsaye a inda ake so ta zauna. Renon ta a leda yana da wuya, gama tsiron yakan fara tura uwar saiwa can ƙasa tun kafin ya yi ganye huɗu. In saiwar ta naɗe cikin leda ko ta tsinke wajen dashe, da wuya ya yi ƙarko. A ƙasar Tanut ta Nijar, inda ruwa bai kai rabin namu ba, ƙungiyar Eden ta koya wa manoma irin wannan shuka ta kai tsaye, ba leda ba ban ruwa, anza kuma tana cikin itatuwan da suka yi aiki da su.

A fako mai tauri, a haƙa rami tun da rani, faɗin taƙi biyu, zurfin taƙi ɗaya, a tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, irin ramin da mutanen Tawa suke kira tassa. A zuba ɗan ruɓaɓɓen taki tafi ɗaya. A sa ƙwaya uku a kowane rami, zurfin gaɓar yatsa, a rufe a ɗan danna. In layi ake so a kan iyaka, a bar taku uku ko huɗu tsakani. A kafa kara ko a jera duwatsu a kowane rami, domin abokin gāba na farko ba fari ba ne, hauyar mai gonar ce ranar noman farko. Na biyu kuwa kofato. Bayan an kawar da amfanin gona an saki dabbobi, a kewaye kowane tsiro da ƙayar magarya ko ta aduwa, a riƙa sabuntawa har rani biyu ko uku. In duka ukun sun tsiro, a bar su sai damina ta biyu a cire raunana.

Sa'an nan sai haƙuri. Shekarar farko tsiron ba zai wuce taƙi ba, har mutum ya ce ba ya girma. Aikin yana can ƙasa ne. Za a yi shekaru kafin a ga dilo. Dogon yaro da turare, waɗanda aka saba rabawa a ranakun dashen itatuwa, sun fi ta sauri nesa, kuma ba mu ce a daina dasa su ba. Amma ba a tuƙa tuwo da 'ya'yan turare.

Akwai dalilin da ya sa muke matsa wannan magana ga mutanen ƙananan hukumomin nan uku musamman. Dogaronmu ya koma kan fadama da madatsar ruwa, wadda aka gama ginawa a 1984. Albarka ce, amma mun ga iyakarta ta fuska biyu: a Satumban 2010 ambaliya ta share gonakin kwarin Rima, a ranin 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har hankalin hukuma da na manoman rani ya tashi. Dā in irin wannan ta faru, daji ne madogara, mata su shiga su samo abin da za a ci. To, tun harin Tabanni a ƙasar Rabah a Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, da waɗansu da yawa tsakani, uwa ba ta iya tura 'yarta nesa cikin daji wajen Gundumi neman dilo ko itace. Abin da dā ake samu a daji, yanzu sai an kawo shi kusa: iyakar gonar bayan gari, gefen burtali, bayan makaranta, kan surin da ke tsakiyar gona.

Tun da itace ne na shekaru, kada mutum ya yi shi kaɗai a ɓoye. A kai maganar gaban mai unguwa ko hakimi, a kira arɗon Fulanin da suke bi ta wurin, a yarda a bainar jama'a cewa anzar da ke cikin gona ta mai gonar ce, ta burtali da makiyaya kuwa ta kowa ce, ana tsinkar ganye da 'ya'ya amma ba a sare gindi. A kuma nemi tsohuwa ɗaya ko biyu da suka iya jiƙon dilo, su zauna da ƙungiyar mata a damina mai zuwa, a jiƙa tiya ɗaya tare daga ranar farko har ranar da ɗacin ya fita, kowace ta ɗanɗana da harshenta.